Boris Ɗin Gaba Da Laifin Da Ake Ɗora Masa: Yoyo Da Rikicin Saiti A Injin Motar Rimot Mai Shan Naitiro

A gasar duniya ta ƙananan motocin rimot masu tsere a kan turɓaya, zagayen ƙarshe awa guda cur ake yi. Direbobi suna jere a kan dandamali mai tsayi, kowa da rimot a hannu, motocinsu kuma, waɗanda girmansu kashi ɗaya cikin takwas ne na motar gaske, suna ta tsallake tuddai a ƙasa. A bakin fili kowane direba yana da makanikensa riƙe da gorar mai, domin tankin motar bai wuce cc 125 ba, bayan ƴan mintoci sai an shigo an cika. Hukumar IFMAR, wadda aka kafa a 1979, ta fara gasar wannan rukuni a birnin Grenoble na Faransa a 1986. Davide Ongaro ɗan Italiya ne ya ɗauki kofin a Perth ta Ostareliya a 2018, ya sake ɗauka a Redován ta Sifen a 2022.

Injin da ke jan waɗannan motoci cc 3.5 ne kacal, yana shiga tafin hannu. Amma idan aka sakar masa totur yakan wuce juyi 35,000 a minti ɗaya, wato kusan juyi 600 kafin daƙiƙa guda ta cika. Ba shi da kwamfuta, ba shi da na'urar da ke auna iska ta daidaita masa mai. Allurai biyu ne ko uku, da kusar silo ɗaya, sai kunnen mai shi.

Saboda haka ƙorafin da aka fi ji a wannan fage iri ɗaya ne, ko daga bakin gwanin tsere mai injin O.S. na Japan ko Novarossi na Italiya, ko daga bakin yaron da aka saya wa T-Maxx, motar da kamfanin Traxxas na Texas ya fitar a 1999 ta shigar da jama'a da yawa wannan harka: saiti ya ƙi zama. Jiya injin yana lafiya lau, yau silo ya haura, an ɗan rage sai ya mutu, an ƙara mai sai ya shaƙe. Mai mota ya kifa ta, ya ga danshin mai a bayan filawil, nan take a yanke hukunci: boris ɗin gaba ne yake yoyo. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuma an bar jaki ne ana dukan taiki, an kashe kuɗi da yini guda wajen warware inji, an mayar, ciwon yana nan inda yake.

Yadda injin yake numfashi

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙaramin janareton Tiger, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ya riga ya san rabin labarin. Injin naitiro ma, wato na waɗannan motoci, mai bugu biyu ne, kuma ƙasan fistin, wato akwatin da karanshaf ke juyi a ciki, shi ne huhunsa. Idan fistin ya hau sama sai ya bar gurbi a akwatin, gurbin ya zuƙo iska da mai daga kafireta. Idan ya sauko sai ya matse abin da ya zuƙo, ya tura shi ta hanyoyin gefen silinda zuwa sama inda wuta za ta kama. Makanikan janareto sun san abin da ke biyo baya idan oyil sil ɗin karanshaf ya mutu: inji ya riƙa shan iska ta inda bai kamata ba, ya ƙi tsayawa a silo.

Daga nan hanyar injinan biyu ta rabu. A injin naitiro na mota, kafireta tana zaune ne a kan hancin akwati, tsakanin boris na gaba da na baya, karanshaf ɗin kuma rami ne a cikinsa, da wata taga da aka yanka a jikinsa. A kowane juyi tagar tana gittawa ta ƙarƙashin kafireta, ta buɗe, ta rufe. Fulogin ma ba mai tartsatsi ba ne. Zare ne na ƙarfe mai filatinom a nannaɗe, ana ɗosa masa batir mai ƙarfin bolt 1.2 zuwa 1.5 ya yi ja don a tayar da inji, daga nan kuma haɗuwar filatinom da tururin metanol da zafin ƙonewar da ta gabata su ke riƙe shi da wuta. Ba'amurke Ray Arden ne ya fito da irin wannan fulogi a ƙarshen shekarun 1940, har yau kuma tsarin bai sauya ba. Fistin ɗin ba shi da ringi. Alminiyom ne zalla yana hawa da sauka a cikin silindar tagulla da aka shafe da kurom, wadda ta ɗan tsuke daga sama don ta kama shi kam.

Sai kuma man da yake sha. Mafi yawansa metanol ne, sai naitirometen, wato naitiro, wanda a motoci aka saba sa kashi 16 zuwa 30 cikin 100, sai man shafawa, na zurma ko na haɗi ko duka biyun. Fetur yana buƙatar iska kusan ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone tsaf. Metanol ninki 6.4 ya ishe shi, naitirometen kuwa 1.7 kawai, domin yana ɗauke da iskar ƙonewa a jikinsa. Ma'anar wannan ita ce injin yana kwankwaɗar ruwan mai sosai, kuma wannan ruwan shi ne abincinsa, shi ne mai sanyaya shi, shi ne mai shafe borisansa. Idan iska ta yi yawa a kan mai, ba ƙarfi kaɗai ke rikicewa ba. Zafi yana hawa a daidai lokacin da shafawa ke raguwa, kuma a juyi dubu talatin da ɗoriya ba a daɗewa kafin ɓarna ta auku.

Akwai dalilin da ya sa yoyon iska ya fi bayyana a silo. A lokacin, ƙofar kafireta a kusan rufe take, tazarar da aka bari ba ta kai milimita ɗaya ba. Ƙaramar kafa da ido ba ya gani za ta iya zama kaso mai tsoka na duk iskar da ke shiga. Idan aka buɗe totur gaba ɗaya, bakin kafireta mai faɗin milimita 6 ko 7 yana shigo da iskar da za ta shanye tasirin kafar. Injin da ke gudu lafiya a sama amma ya rikice da zarar an saki totur, ana iya zargin sa da shan iska. Wanda silonsa yake daram amma yana yankewa a tsakiyar gudu, a fara duba hanyar mai.

Me ke toshe hancin inji?

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, kuma a ganina fahimtar wannan wuri ta fi duk wata dabarar gwaji amfani. Boris ɗin gaba, wanda a yawancin injinan cc 3.5 girmansa milimita 7 a rami, 19 a faɗi, 6 a kauri, yana da murfin roba ko na ƙarfe a fuskarsa ta waje. Mai kallo zai ɗauka wannan murfin ne ke hana iska shiga. Babban aikinsa tare ƙura ne da rage tsiyayar mai. Abin da ke toshe hancin inji na haƙiƙa yana can bayansa: wani ɗan gajeren sashe na karanshaf mai santsi, tsakanin tagar shan iska da boris, yana juyi a cikin ramin akwati da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Idan inji na aiki, mai yana cika wannan tazara, shi ne yake zama marfi. Masu ƙera injina da dama sukan kuma yanka wata siririyar hanya daga bayan boris zuwa maƙogwaron kafireta, domin zuƙar inji ta janye man da ya taru ya koma ciki.

Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan. Na farko, ɗan danshi a hancin inji ba ciwo ba ne. Boris ɗin gaba da wannan man yake rayuwa, kuma sabon inji da ake horarwa da mai mai yawa dole ya ɗan yi zufa ta nan. Na biyu ya fi ɗaci. Idan borisai suka lalace har karanshaf ya fara rawa, yakan riƙa gugar bangon ramin, alminiyom ya ci, tazarar ta buɗe. A sannan yoyon ya zama na gaske, kuma sabon boris ba lalle ya warkar da shi ba, domin abin da ya mutu akwatin ne kansa. Wanda ya ciro karanshaf ya ga zane-zanen guga a wannan sashe, ya leƙa ramin ya ga ya yi ƙyalli ta gefe guda, gara ya fara lissafin kuɗin sabon akwati, ko ya auna ko injin ya cancanci a ci gaba da kashe masa.

Har yanzu masu harkar ba su daina jayayya a kan wannan ba. Wasu sun rantse cewa sun canza boris ɗin gaba saiti ya dawo, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai a tuna wanda ya canza boris ya cire kafireta ya mayar, ya cire murfin baya ya mayar, ya sake ɗaure kan inji, wataƙila ma ya sa sabon tiyo. Cikin waɗannan wane ne ya yi maganin? Ba wanda zai iya rantsuwa.

Man da ake gani a gaba ma ba duka ne daga boris yake ba. Soson matacin iska da aka cika wa mai yana ɗiga daidai wurin. Kafiretar da mai ya yi wa yawa tana furzar da shi baya. Gaskit ɗin wuyan salansa idan ya yage yana fesa baƙin mai ko'ina. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a wanke inji tas, a busar, a ƙona tanki ɗaya, a duba. Idan bayan filawil ya jiƙe sharkaf, an ga layin mai da ya watsa a kan farantin mota a ƙarƙashinsa, kuloci kuma ya fara zamewa saboda mai ya kai ga takalmansa, to boris ɗin ya gama aiki, ko da saiti bai rikice ba. Idan ɗan laima ne da ƙura ta manne a kai, a goge a ci gaba.

Alamomin, da masu kwaikwayon su

Injin da ke shan iska da gaske yana da halayensa. Silo ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka ba tare da an taɓa komai ba. Zafi yana wuce kima ko da an buɗe allura fiye da yadda littafin inji ya ce. Traxxas, alal misali, ta ja layi a digiri 270 na ma'aunin Faranhait, kusan 132 na Salshiyos, kuma yawancin injina sun fi jin daɗi ƙasa da haka sosai. Hayaƙi yana raguwa. Babbar alama kuma ita ce allura ta daina jin magana: a juya ta yadda ya kamata a ji sauyi, ba a ji ba, ko a ji yanzu, bayan minti biyu ya gushe.

Matsalar ita ce akwai abubuwa da dama da ke kawo kusan waɗannan alamomi, kuma dukkansu sun fi boris saurin dubawa da arha.

Wanda ya fi yaudara saiti ne da kansa. Kafiretar tana da allurar sama mai kula da mai idan totur a buɗe yake, da allurar ƙasa mai kula da silo da farkon tashi, da kusar da ke ƙayyade tazarar silo. Sabon shiga yakan buɗe allurar ƙasa da yawa, inji ya riƙa shaƙewa yana mutuwa, sai ya ɗaure kusar silo ya ƙara tazara don ya riƙe shi. Yanzu ƙasa ta cika da mai, tazara ta yi faɗi, shi kuma ya matse allurar sama don ya sami gudu. Idan ya ba da totur ya saki, akwatin inji ya bushe, iska mai yawa na shigowa ta faffaɗar tazara, sai silo ya rataye a sama na ƴan daƙiƙu, har mai ya sake taruwa ya danne shi ya sauko. Kowa ya ji wannan ratayewar zai ce iska ce. Babu ko kafa ɗaya a jikin injin. Maganinsa a cire matacin iska, a kalli tazarar da ido, a mayar da ita inda littafi ya ce (Traxxas tana ba da milimita 0.7 zuwa 1.0 ga injinanta, na tsere sukan fi haka tsukewa), a mayar da allurai saitin masana'anta, a faro daga tushe. Inji ya yi zafi tukuna, a fara da allurar sama, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, misalin tafiyar awa ɗaya a fuskar agogo, ana zagaya fili tsakanin kowane juyi. Sai sama ta zauna a sauko ƙasa.

Akwai gwajin da ke taimakawa a nan. Inji yana silo, a matse tiyon mai kusa da kafireta da yatsu. Idan allurar ƙasa tana kusa da daidai, zai ci gaba na daƙiƙa biyu zuwa uku, ya ɗan ɗaga murya, sannan ya mutu. Idan ya mutu nan take, yunwar mai yake yi. Idan ya daɗe yana tafiya, ya ƙoshi ya wuce. Kunne ma yana rarrabe su a wajen tashi: mai yunwa yankewa yake yi kwatsam babu hayaƙi, mai ƙoshi kuwa gurnani yake yi yana tofar da hayaƙi kafin ya washe.

Bayan saiti sai hanyar mai. Waɗannan motoci ba su da famfo. Wani tiyo ne ke ɗauko matsin hayaƙi daga salansa ya kai tanki, matsin ya turo mai zuwa kafireta. Murfin tanki ya daina rufuwa da kyau, ko tiyo ya sami hudar da ba ta fi bakin allura ba, ko tanki ya tsage ta ƙasa bayan saukar tsalle, duk sakamakon ɗaya ne: mai ya ragu, inji ya yi zafi. Ƴan ƙwayoyin iska da ke bin tiyo zuwa kafireta shaida ce. Tiyon silikon kuwa ba shi da tsada, babu dalilin da zai sa a tsaya tantama, a canza shi kawai.

Fulogi ma haka. Zarensa yana tsufa, kuma idan ya tsufa silo ne ke fara lalacewa. Idan an zare batir daga kansa juyin inji ya faɗi sosai ko ya mutu, ko dai fulogin ya gaji, ko ya yi wa man sanyi, ko mai ya yi yawa. Zaren da ya yi fari-fat ya bushe ya lanƙwashe yana ba da labarin yunwar mai. Shi ma man kansa yana lalacewa, domin metanol yana zuƙar danshi daga iska, gorar da aka bari a buɗe ba za ta sake ba da silo mai kyau ba. Sauya irin mai kuma sauya saiti ne. Masu harkar a Turai sun ga haka a zahiri lokacin da dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Fabrairun 2021, wadda ta hana sayar wa gama-gari man da naitirometen ɗinsa ya wuce kashi 16 cikin 100 a nauyi, saboda ana iya sarrafa shi a yi abin fashewa. Waɗanda suka saba da kashi 25 sai da suka sake lalubar allura da zafin fulogi da tazarar kan inji. Yanayi ma yana da hannu: iskar sanyi ta fi nauyi, tana neman ƙarin mai, ta zafin rana da ta kan tsauni kuma suna neman a rage.

Kuloci ba ya cikin inji, amma yana iya sa a tsine wa inji. Idan sifirin ɗinsa ɗaya ya karye, sai takalmi ya riƙa jan ƙararrawar kuloci a silo, da an taka birki inji ya mutu. Na ƙarshe a jerin shi ne wanda ba a son ji: fistin da silinda sun gaji. Alamarsa inji ya tashi da sanyi lafiya, yana yin zafi ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. A juya filawil da hannu, idan fistin ya wuce sama babu wannan kamun da aka sani, allura ba za ta yi komai ba, boris ma haka.

Gwajin kumfa

Idan duk waɗannan sun fita, sai a nemi kafar. A ciro inji daga mota, a wanke, a toshe bakin hayaƙi da bakin kafireta, fulogi yana ɗaure, a sa sabon tiyo a kan nonon da mai ke shiga, a hura da sirinji ko ƙaramin famfo (metanol guba ne mai makantarwa, bai kamata ya kusanci baki ba). A shafa ruwan sabulu a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, a zuba ido.

Wuraren da kumfa ta fi tashi sanannu ne. Gindin kafireta, inda take shiga akwati, musamman idan ba a danna ta ƙasa ba lokacin ɗaure kusar da ke maƙe ta, ko zoben robar wurin ya taurare. Murfin baya, kuma yoyon ya fi yawa a injinan da ake tayarwa da igiya ko da ƙaramar motar lantarki, saboda akwai sandar da ta ratsa murfin. Zobban robar allurai, waɗanda idan suka saki har allura takan juya da kanta saboda jijjiga. Wasoshin nonon mai. Kusoshin kan inji da ba a ɗaure su daidai-wa-daida ba. Mazaunin fulogi. Galibinsu zoben roba sabo ke gyara su, ko siririn shafin silikon mai jure zafi. A guji silikon mai warin binega, domin tsaminsa yana cin ƙarfe, kuma a shafa kaɗan. Abin da ya matso ciki zai ɓalle ya bi inji.

A wannan gwaji, hancin inji zai iya fitar da ƴar kumfa ko da lafiyarsa lau, tunda inji a tsaye yake, babu man da ke cike tazarar. Wannan shi ya ja wa borisai masu yawa hukuncin da ba su ci ba. Abin lura shi ne yawa: ƙananan ƙwayoyi a hankali daban, iska mai fita fuu har ana ji daban. Wasu sukan fesa mai wanke inji a wurin da suke zargi yayin da yake silo, su saurari ko murya za ta sauya. Yana aiki, amma a hanci yana ruɗarwa, domin bakin kafireta yana kusa, yana iya shaƙar feshin. Ga kuma haɗarin wuta, wutar metanol da rana kusan ba a ganin ta.

Gwajin da na fi yarda da shi na hannu ne. A kama filawil a gwada ɗaga shi sama da ƙasa. Kada a ji rawa ko kaɗan. A cire fulogi, in da hali a cire fistin da kwanrod, a juya karanshaf a hankali da yatsu biyu. Lafiyayyen boris shiru yake, sumul. Wanda ya mutu ana jin gargada a yatsa kafin a ji ta a kunne.

Wanda ake mantawa da shi

Duk wannan hayaniya a kan boris ɗin gaba, alhali na baya ne ke kashe inji. Shi ne babba, raminsa milimita 13 ko 14 a injinan tsere, shi ke ɗaukar dukan kowane bugu da ke saukowa ta kwanrod, kuma a buɗe yake tsirara a cikin akwati inda mai ke kwanciya. Idan aka gama wasa aka ajiye mota da sauran mai a ciki, metanol ya jawo danshi, ragowar ƙonewar naitiro mai tsami ta haɗu da shi, cikin kwanaki tsatsa ta kama hanyar ƙwallaye. A tashi na gaba tsatsar ta zama ramuka, ramukan su fara zubar da ɓarɓashin ƙarfe, kuma hanya ɗaya ɓarɓashin yake da ita, ya bi mai ya hau silinda.

Yana yin gargaɗi ga mai saurare. Murya tana sauyawa a silo, ana jin wani kuka ko kwaramniya ta ƙarfe a ƙarƙashin ƙarar da aka saba. Fulogi yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba dalili. A cire kan inji a ga saman fistin da rufin ɗakin wuta sun yi tabo-tabo, an fafe su da ƙananan ramuka. Wanda ya ga haka ya tsaya a ranar. Idan kejin ƙwallaye ya fashe ana cikin gudu, fistin da silinda da kwanrod duk sun tafi tare, su ne kuma mafi tsadar kayan injin. Borisai masu ƙwallayen tangaran na musamman, da ake sa wa injinan tsere masu tsada, sun fi sauƙin nauyi kuma ƙwallayensu ba sa tsatsa, amma zobban da suke gudu a kai ƙarfe ne, sakaci yana cin su kamar sauran.

Kariyar ba ta ɗaukar minti biyar, abin da ke ba ni takaici ke nan idan na ga injin kirki ya mutu da ƙuruciya. A zubar da man tanki. A tayar da inji ya ƙone abin da ya rage har ya ƙi tashi. A sauke fistin ƙasa kafin ya huce, don kada silinda ta tsuke a kansa. A ɗiga man ajiya ta kafireta da ta ramin fulogi, a juya filawil ya bi ko'ina. Shi kuma na gaba, abokan gabarsa ƙura ce, da haƙoran giya da aka matse su ba sarari, da danna mota da ƙarfi a kan na'urar da ke juya filawil a tayar da inji, da ruwan matsi ko iskar kwamfiresa da ake harbawa kai tsaye a fuskarsa wajen wanki.

Idan canjin ya zama dole, a canza biyun tare. Dabarar ta dogara ne da cewa alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. A cire duk wani abu na roba, a ɗumama akwatin zuwa digiri 120 ko 150 na Salshiyos a tanda ko da na'urar hura zafi, a sa safar hannu, a buga bayansa a kan katako, na baya zai faɗo da kansa. Na gaba a turo shi daga ciki da sandar itace. Sukudireba da guduma ba su da aiki a nan. Mazaunin boris idan ya ji rauni ba ya warkewa. Sababbin a ajiye su a firiza tukuna. A zura na baya a jikin karanshaf, a shigar da su tare cikin akwatin tun yana da zafi, a sa na gaba ta ɗaya gefen, murfinsa yana kallon waje, karanshaf ɗin shi ne zai daidaita su a layi ɗaya. Bayan ya huce, ya kamata ya juya da ɗan turin yatsa ba tare da tsayawa a ko'ina ba. In ya cije, ɗayansu bai zauna ba, a sake ɗumamawa.

Kafin a tayar, a mayar da allurai saitin masana'anta. Tsohon saitin an yi shi ne don injin da ke ciwo, kuma idan yoyon na gaske ne an toshe shi, injin zai dawo da ƙoshin mai sosai, sai an sake saita shi daga sama zuwa ƙasa. Tankin farko a tafi da shi a hankali, da hayaƙi mai kauri, ana taɓa ma'aunin zafi a kan fulogi lokaci-lokaci, sannan a kifa motar a duba bayan filawil.